Ranar da Bonet Ya Ƙi Rufuwa

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta tambaya ko amarci ne ya ɓoye ni tun ba a ɗaura ba. 'Yar'uwa, da haka ne da ke zan fara aiko wa da cincin. Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Hadassah, a Makera nake nan Kaduna, ɗinki ne sana'ata, kuma ni ce wadda dangin saurayina Derrick suka zo gidanmu gaisuwar neman aurena a ƙarshen watan jiya. Abin da ya faru a ranar ne ya hana ni rubutu. Duk sanda na ɗauki wayar zan rubuta sai in ajiye.

Dole in fara da Baba, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Baba Ishaku bakanike ne. Tun yana saurayi yake aiki a kamfanin haɗa motoci, da aka rage ma'aikata ya buɗe garejinsa a wajen Kakuri, a nan ya ciyar da mu har ƙarfinsa ya ƙare. Yana da wata al'ada da duk Makera an san shi da ita. Baƙo bai isa ya zo gidanmu da mota ya tafi haka kawai ba. Sai Baba ya ce a buɗe bonet, ya zaro gejin baƙin mai ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba, ya leƙa ruwan lagireto, ya taɓa kan batir da 'yar sifanarsa. Sannan ya ɗaga bonet ɗin ya sake shi da ƙarfi, gam, ya doki samansa da tafin hannu ya ce, "Ubangiji ya kai ku lafiya." Sallamarsa ke nan. Fasto ya sha makara a wani taron saboda wannan, amma bai taɓa tsallakewa ba. Ina ƙarama ni ke riƙe masa tsumman, shi ya sa har yau ba ya kirana Hadassah. Injiniya yake ce min.

Bara abin ya fara. Da farko makulli ne, sai sunayen jikokin ƙanensa, sai wata Lahadi bayan sujada aka neme shi aka rasa. A Nasarawa wani mai keke ya gan shi yana tambayar hanyar garejinsa, garejin da aka daɗe da mayarwa shagon sayar da siminti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, yana kama wasu in sun manyanta, babu maganin da zai raba shi da shi sai dai kulawa. Da safe yakan tashi garas, ya yi ta tsokanata. In rana ta karkata kuma sai ka ga kamar an rage fitila a idonsa.

Mama ce ta yanke hukunci cewa ba wanda zai ji. Mama Lydia, shugabar zumuntar mata a cocinmu, matar da in ta ɗaura ɗankwali ta fito kowa sai ya gyara zama. Ranar da na ce mata zan gaya wa Derrick, a kicin ta tsare ni, muciya na hannunta.

"Kin san mutanenmu. Kafin su ba da ɗansu sai sun tono gida har kakan kaka. Suka ji wannan ba mantuwa za su ce ba, hauka za su ce, kuma su ce a jini yake."

"Mama, Derrick ba haka yake ba."

"Derrick shi kaɗai zai aure ki? A ɗaura tukuna. In ya zama ɗan gida ya ji maganar gida."

Na yi musu, na yi kuka, na ƙi cin tuwo. Daga baya na bi, don ni ma tsoron yana cikina, bakina ne kawai ya fi nata ƙarfi. Derrick a Abuja yake aiki, a wani kamfanin masu saka sola, ba kullum yake zuwa ba. Duk sanda zai zo gaida su Baba sai in ce ya zo da sassafe, wai ina da ɗinkin biki da rana. Ya durƙusa ya gaishe su, Baba ya tambaye shi aiki, su yi dariya, in ja shi mu fita. Motarsa ma a bakin titi nake sa shi ya bari, in ce layinmu duk taɓo ne.

Motar nan kuwa, ku bar ta kawai. Fara ce ƙal, ta lantarki, ba ta shan mai, caji ake yi mata kamar waya. Ba ta da ƙara ko kaɗan, sai dai ka waiga ka gan ta a bayanka. Derrick maraya ne, a wajen Rido ya tashi a hannun ƙanwar babansa, Anti Scholastica, kuma ya sha tafiyar ƙasa zuwa makaranta, don haka ban taɓa ganin laifinsa ba a kan yadda yake lallaɓa ta. Nakan dai ce masa in an zo coci ya tabbatar ni ya sa wa zobe ba ita ba.

Ranar gaisuwar mun shirya kamar za a zo duba mu daga sama. Ni na ɗinka kayan kowa. Nawa leshi ne ruwan zuma, doguwar riga mai tattara a ƙugu, na Mama atamfa mai ganye da ɗankwalin da sai da ta ɗaura shi ta kwance ta sake ɗaurawa. Baba kuma farin kaftani, wanda Mama ta tsaya a kaina ta ce kar in sa masa aljihu ko ɗaya, don kar ya cusa sifana da tsumma ya fito gaban baƙi. Ina ɗinka rigar nan ina jin kamar ƙarya nake ɗinkawa. An tsara cewa ƙanensa Baba Gideon ne zai yi magana a madadin gida. Baba zai zauna a kujerarsa, ya amsa gaisuwa, ya yi addu'ar rufewa, sai in shigar da shi ɗaki kafin baƙi su tashi.

Sun zo kafin azahar. Motar dattawa ta tsaya a waje, ta Derrick aka buɗe wa ƙofa ta shigo tsakar gida saboda kaya. Katan-katan na lemo, buhun gishiri, turmin atamfa na Mama, hula da sanda na Baba. Wasu a but ɗin baya suke, wasu a gaba, don motar inda ya kamata a ga inji wani ƙaramin but ne. Baba yana falo lokacin da aka sauke, bai gani ba.

Komai ya tafi daidai, har na fara jin kunyar tsoron da na ji. An ci shinkafa da kaji, an sha kunu, Anti Scholastica ta ƙara gwaten acca ta ce tun rasuwar mahaifiyarta ba ta ci irinsa ba. Aka kira ni na durƙusa, aka tambaye ni ko na san mutanen nan, na ce na san ɗaya daga ciki, aka yi dariya. Da aka zo addu'a Baba ya miƙe ya yi ta tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba, har ya ambaci sunan Derrick. Mama ta matse hannuna ta ƙarƙashin gyale. Wayata ta yi motsi a cinyata, na saci kallo.

"Kin ga yadda Anti take kallonki? An gama, madam."

Na tura masa, "Ka rufe ido, addu'a ake yi."

Daga nan Mama ta ce in je in zuba wa baƙi abincin tafiya a kula. Ita ta ɗauka na shigar da Baba, ni na ɗauka ta shigar da shi. Ina cikin neman murfin kula na jiyo muryarsa daga tsakar gida, muryar nan tasa ta gareji.

"Ɗana, buɗe min bonet."

Na saki kular na fito. Baba yana tsaye a gaban motar cikin farin kaftaninsa, tsumma a hannun hagu, 'yar sifana a dama. A ƙugun wando ya soke su, ashe. Baƙi duk sun fito, suna tsaitsaye ana sallama.

Derrick ya ɗan rusuna yana murmushi. "Baba, ai wannan ba ta shan mai. Ba abin da za ku duba."

"Ba motar da ta taɓa barin gidan nan ban duba ta ba. Buɗe."

Baba Gideon ya ce, "Ka buɗe masa, al'adarsa ce." Derrick ya taɓa wayarsa, bonet ya ɗan ɗago. Baba ya ajiye sifanar a bakin gaba kamar yadda ya saba, ya ɗaga murfin sama. Hannunsa ya riga idonsa shiga, ya tafi kai tsaye inda gejin mai yake zama a kowace mota. Bai taɓa komai ba. Rami ne kawai, baƙi, an shimfiɗa masa wani abu kamar darduma, sai wata ledar da aka manta a ciki.

"Ina injin?"

Dattawan suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne. Ni ban yi ba, don ina ganin fuskarsa.

"Na ce ina injin? Da inji yaron nan ya shigo. An cire. A gidana." Ya ɗaga murya. "Lydia, rufe ƙofa, kar kowa ya fita."

Dariyar ta mutu. Derrick ya matso yana bayani, batir ne a ƙarƙashin motar, haka ake ƙera ta, ba a taɓa sa mata inji a nan ba. Baba ba ya jinsa. Ya kalli baƙi, ya kalli ramin, sai na ga kunya ta rufe shi gaba ɗaya. Ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Kar su gani. Kar baƙi su gani." Ya kama bonet ɗin ya sako shi da ƙarfi yadda ya yi wa dubban motoci.

Bai kama ba. Ya yi tsalle ya dawo.

Ya sake ɗagawa ya buga. Bai kama ba. Sai ya dunƙule hannu ya kai masa duka a tsakiya, daidai saman tambarin. Bonet ɗin motar nan ba irin ƙarfen da Baba ya sani ba ne, alminiyam ne marar kauri, ba a bugunsa, lallaɓa shi ake yi. Kowa ya ji sautin lotsawar. Ya ɗaga hannu zai ƙara, Derrick ya cafke masa wuyan hannu.

"Baba, ya isa! Za ku lalata ta, ba haka ake rufewa ba."

Baba ya tsaya cak. Ya kalli hannun da ke riƙe da shi, ya bi shi da ido har fuskar mai shi. Mutumin da ya gama sa wa albarka da suna ɗazu.

"Kai kuma ɗan gidan wa?"

Ya juyo gare ni, ni da nake tsaye cikin leshina ruwan zuma, ya ce, "Lydia, wane ne wannan yake riƙe ni a cikin gidana?"

Derrick ya saki hannun kamar ya taɓa tukunyar da ke kan wuta. Baba Gideon ya kama Baba ya shiga da shi ciki, Baba yana ta cewa a kira 'yan sanda. Derrick ya juya ga motarsa, ina ganin don ya samu inda zai sa idonsa ne. Ya sauke bonet ɗin a hankali, ya ɗora tafuka biyu ya danna. Bai kama ba. Ya sake, bai kama ba. Allon cikin motar yana ta nuna ja, wai gaba a buɗe yake, kuma in gaba a buɗe yake ba ta yarda ta yi gudu, sai dai rarrafe. Ga hadari ya haɗo ta wajen Kakuri.

Anti Scholastica ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga. Ta gyara gilashinta ta matso kusa da Mama.

"Maman Hadassah, tun yaushe?"

"Gajiya ce kawai, Anti. Tun asuba yake..."

"Na ƙare ƙuruciyata ina aikin jinya, na san gajiya. Ciwo ba a sayensa a kasuwa, kowa na iya samu. Abin da nake tambaya, me ya sa sai a tsakar gida za mu sani? Na ci abincinku yanzun nan."

Mama ta sunkuyar da kai. Ɗankwalin nan da ta sha wahalar ɗaurawa ya zame gefe, ba ta ko gyara ba. Suka matsu a motar dattawa suka tafi. Derrick bai kalle ni ba. Kular abincin tana nan a bakin kicin inda na sake ta.

Da yamma na tura masa saƙo.

"Kun isa lafiya?"

"E."

"Don Allah ka bar ni in yi maka bayani."

"Tun yaushe kika sani?"

"Bara."

Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa.

"Duk safiyar nan da kike cewa kina da ɗinkin biki."

Sai wani saƙon ya shigo.

"Na riƙe hannun tsoho marar lafiya a gaban mutane, na daka masa tsawa saboda mota. Da kin gaya min da ban zama wannan mutumin ba, Hadassah. Anti ta ce a dakata da komai. Kar kowa ya taɓa motar, zan nemo mai gyaranta daga Abuja."

Na karanta saƙon nan har na haddace shi. Da zagina ya yi da na samu abin ramawa, kun san bakina. Amma gaskiya ya faɗa, kuma ba abin da ya fi ta ciwo.

Muka rufe motar da tamfol saboda ruwa. Ta zauna a tsakar gidanmu baki a ɗan buɗe, kowa ya zo wucewa sai ya ratsa ta gefe. Baba ya ɗauko kujerarsa ya kafa kusa da ita, wai gadi yake kar ɓarayin su dawo su kwashe tayoyi. Sandar da suka kawo masa ita yake riƙewa. Mama ta daina zuwa zumunta, ta ce ƙafa ke damunta. Maganar ta riga ta zaga layi, har mai kawo min ɗinki ta tambaye ni wai da gaske jifan Baba aka yi. Na mayar mata da yadinta na ce keken ya lalace.

Ni da Mama kuma sai da muka yi ta.

"Da kin shigar da shi ɗaki kamar yadda aka ce..."

"Da kin bar ni na faɗi gaskiya tun bara fa?"

Na ɗauka za ta mare ni. Sai ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da zani. "Ke miji kike tsoron rasawa. Ni nawa yana zaune a gabana ina rasa shi kullum. Ba na so a nuna shi da baki, Hadassah. Mutumin nan har daga Zariya ake kawo masa mota." Tun da nake ban taɓa ganin Mama tana kuka da sauti ba sai ranar. Na zauna a ƙasa na ɗora kaina a gwiwarta, tuwo ya ƙone, ba wadda ta tashi.

Yanzu ga inda za ku zage ni, kuma na ba ku dama.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa na je zubar da wanda ya taru a kan tamfol. Na ɗaga bonet ɗin don in goge bakin, sai na hango wani abu yana ƙyalli a cikin 'yar kafar da ƙugiyar murfin take shiga. Na haska da fitilar waya. Sifanar Baba ce, ƙaramar, mai jan zare a wuya, zaren da ni na ɗaura mata ina firamare don kar ta ɓata. Bugun farko ne ya zamar da ita ciki ta tokare ƙugiyar. Ba wani mai gyara daga Abuja da ake buƙata. Yatsa biyu da ɗan haƙuri sun isa.

Na mayar da tamfol na bar ta a wurin.

Ku fahimce ni. Derrick ya daina ɗaga wayata. In na tura saƙo mai tsawo sai ya amsa da kalma ɗaya. Abu guda da ya rage tsakanina da shi shi ne motar nan. Muddin bakinta a buɗe yake, dole wata rana ya shigo gidanmu, ko don ita. In ta rufu kuma me zai kawo shi Makera? Haka na riƙa wucewa ta gefenta ina ɗauke kai, na san abin da ke ciki, kamar yadda na riƙa wucewa ta gefen Derrick shekara guda.

Jiya da safe ina shara na ji an ce, "Injiniya, zo."

Yadda ya kira sunan na san yau Babana ne ya tashi. Ya yaye tamfol ɗin, yana tsaye yana shafa inda ya lotse da yatsunsa.

"Mamanki ta ce reshe ne ya faɗo." Ya ɗora dunƙulallen hannunsa a cikin lotsawar, ya zauna daidai. "Reshe ba shi da yatsu."

"Baba, ba komai, za a gyara."

"Ranar baƙinki ne?"

Na gyaɗa kai.

"Na kore miki su ke nan."

"Ba ku ba ne, Baba. Mu ne."

Ya ɗaga bonet ɗin ya daɗe yana kallon ramin, wannan karon babu tsoro a idonsa, sai wani abu kamar na mutumin da ya je tsohuwar unguwarsu ya tarar an rushe. "To haka suke yinsu yanzu," ya ce. Ya sunkuya ya leƙa ƙugiyar, don shi ba ya ganin murfin da ya ƙi kamawa bai leƙa ƙugiya ba. Ya ce in miƙo masa guntuwar waya daga igiyar shanya. Ina kallo ya lanƙwasa bakinta, ya zura, ya zaro sifanar. Me zan ce? In ce ya mayar?

Ya shiga ɗaki. Na ji yana jan abu daga ƙarƙashin gado. Ya fito yana rinjaye da akwatin kayan aikinsa, koren akwatin ƙarfen nan da ya girme ni, wanda ko Mama ba ta isa ta matsar da shi in tana shara ba. Ya buɗe ya mayar da 'yar sifanar a gurbinta, ya ninke tsumman ya ɗora a kai, ya rufe. Sannan ya ɗaga akwatin ya sa a cikin ramin. Ya shige kamar an auna.

"Baba, me kuke yi?"

"Na ɓata wa yaro mota, ba ni da abin gyara masa. Kuma wurin nan bai kamata ya zauna wayam ba. Ko ba inji, taya na da noti." Ya share hannu a jikin riga. "Da ma na ɗan da zai aure ki ne. Gara in bayar yau da nake sane."

Hawaye suka hana ni ganin fuskarsa.

"To, Injiniya, yaya ake rufe ta? Koya min."

Derrick ya taɓa nuna min, ranar da muka je sayen leshin nan. Na sauke murfin a hankali har ya taɓa ƙugiya. Na kama hannuwan Baba, masu kaushi, masu tabon ƙuna, na ɗora ɗaya a dama da tambarin, ɗaya a hagu, na ɗora nawa a kai. Na ce, "Ba bugu, Baba. Dannawa kawai." Muka danna tare. Ƙit.

"Shi ke nan? Ba ƙara?"

"Shi ke nan."

Ya ɗaga tafinsa zai doka kamar kullum, sai ya tsaya a sama. Ya sauke shi a hankali ya shafa.

Ban kai ga ɗaukar tsintsiyata ba wayata ta yi motsi. Na manta motar tana gaya wa mai ita komai.

"Wayata ta nuna bonet ya rufu. Wa ya taɓa?"

"Baba."

Ya daɗe yana rubutu. Na tsaya da wayar a hannu ina addu'ar da ban san me nake roƙo ba.

"Direban ofishinmu, Monday, yana Kaduna. Zai zo ya ɗauka da rana."

Baba yana kallona. "Yaron ne? Ya ce yana zuwa?"

Na ce, "Ya aiko a ɗauka, Baba." Na gaji da yi wa mutanen da nake so ƙarya.

Monday ya zo da katin buɗe motar a hannu, mutum mai ladabi, ya durƙusa ya gaida su Mama. Da na ce ya buɗe gaba da ya buɗe, in ciro akwatin in mayar ƙarƙashin gado ba wanda ya sani. Na yi tunanin hakan har bakina ya buɗe. Amma kyautar Baba ce, ya bayar da hankalinsa, kuma ban san sau nawa ya rage masa ya yi wani abu da hankalinsa ba. Na bar akwatin a ciki. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga hannu ya ce, "Ubangiji ya kai ku lafiya." Motar ta sulale ta fita ba ko tari. Inda ta tsaya ya bar busasshen wuri a tsakar gida, ko'ina jiƙe sai nan.

Da rana ta karkata ina kan keke ina ɗinkin da ban san me nake ɗinkawa ba, sai na fara jin motsi daga ɗakin Baba. Ana jan gado, ana buɗe kwaba, ana zubar da kaya. Mama tana cewa, "Baban Hadassah, zauna mana, za a nemo." A daidai lokacin saƙo ya shigo. Hoto ne. Bonet a buɗe a wani wurin ajiye motoci, koren akwatin a ciki, an ɗaga murfinsa, 'yar sifana mai jan zare tana kan tafin hannun da na sani. Babu rubutu ko ɗaya a ƙasa. Kafin in gama kallo wayar ta fara ruri, sunan Derrick a kai, karo na farko tun ranar.

Labulen ɗakina ya ɗaga. Baba ne, hula a karkace, gwiwoyin wandonsa duk ƙura, idonsa cike da hawaye. Ya dube ni da ladabin da yake yi wa baƙi.

"Baiwar Allah, yi haƙuri. Ba ki ga wata 'yar yarinya a nan ba? Injiniya ake ce mata. An ɗauke min akwatina, ita kaɗai ta san inda nake ajiyewa."

Wayar tana ta ruri a hannuna. Na kife ta a kan keke, na tashi na kama hannunsa na ce, "Zo mu neme ta tare, Baba."